Ƙusar da Gaisuwa Ta Cinye

Tun da duk waɗanda abin ya shafa sun riga mu gidan gaskiya, ban da ni da matata, bari in faɗi wanda ya gyara injin gidan ajiyar sukari na ƙasan gari. Ni ne. Shekara da shekaru ina haɗiye wannan magana tana tsaya mini a maƙogwaro, yau dai sai na tofar da ita.

Ni maƙeri ne ɗan maƙeri daga ƙasar Kano. Ina saurayi aka kama ni, aka zuba mu a cikin jirgin ruwa aka kawo mu Bahiya, garin masu jin Fotugis can ƙetaren teku, kuma da masaba na fanshi kaina. A lokacin da nake ba da labari ina da maƙerata a ƙasan gari kusa da bakin ruwa, ina ƙera ƙugiyoyin 'yan dako da maratayin ƙofa da ƙarfen ɗaure ganga. Ba yabon kai ba, duk layin babu mai hannuna. To, ko da yabon kan ne, gaskiya ce.

Can gaba da ni kaɗan akwai gidan ajiyar wani Bafotugishe, inda ake sauke akwatunan sukari daga kwale-kwale. Abin da ke ɗaga akwatunan wani tsohon injin tururi ne na Ingila, baƙi ƙirin, mai tari kamar wanda ya shekara hamsin yana shan taba. Mai kula da shi wani dattijo ne Bazazzagi, bawan mai gidan. Tun ranar da aka kafa injin shi ke hura masa wuta, shi ke ba shi mai, shi ya san kukansa na yunwa da na ƙishirwa. Gwaggo yake kiran injin. Ni ina ce masa Baba, shi kuwa ɗan maƙera yake ce mini, ko da furfura ta fara fito mini. Kasancewarsa Bazazzagi ni Bakano, ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba a zagi garin wani ba.

Baba yana da wata ɗabi'a. Kullum da safe kafin ya kunna wuta sai ya ɗauki sifana ya zagaya murfin tulun injin, inda tururi ke taruwa ya tura sanda. Noti takwas ne ke riƙe da murfin, kowanne a kan ƙusarsa mai haƙora da aka murɗa cikin jikin injin. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. “Ina kwana? Ina gajiya?” Ya ɗan ja sifana, ƙis. “Kin tashi lafiya? Madalla.” Ƙis. In ya zagayo ya dawo kan ta farko, sai ya sake gaishe ta, wai ba a barin wuri ba sallama.

Na taɓa ce masa, “Baba, ƙarfe ba ya son yawan gaisuwa. Wanda ya ɗauru a bar shi.”

Ya dube ni sheƙeƙe. “Ku Kanawa ai ko uwar mutum sai in da ciniki kuke gaishe ta. A ce in kwana in tashi da wanda muke aiki tare, in wuce shi kamar kututture?”

Na ce, “To, Allah ya ba da sa'a.” Na koma maƙerata.

Wata Juma'a da hantsi ina tsakiyar dukan ƙarfe sai na ga inuwa a bakin ƙofa. Baba ne, ba sallama, abin da bai taɓa yi ba. Ya kwance bakin zanen da ya ɗaura a ƙugu ya ajiye mini wata ƙusa a kan uwar maƙera, da notinta a maƙale. Ta yi ja jawur da tsatsa, ga ruwa na ɗiga.

“Ta farkon ce,” in ji shi. “Shekaranjiya na gaishe ta sai na ji tana ta juyawa ba ta tsayawa. Na ja ta, ta biyo ni.”

Haƙoran ƙusar ba su lalace sosai ba. Na ramin da take shiga ne suka cinye, gama jikin injin ƙarfen zubi ne, mai gautsi, shekara ashirin da wani abu ana ja masa rai sau biyu kowace safiya. Abin da ban gane ba shi ne ruwan.

“Baba, me ya jiƙa ta?”

Ya kau da kai. “Na mayar da ita ramin na cika da ruwa, kwana biyu.”

“Don me?”

“Don ta kumbura mana. In ƙotar fartanya ta yi sako-sako ba jiƙa ta ake yi ba?”

Allah ya gafarta mini, sai da na zauna a ƙasa don dariya. Na ce yanzu na yarda a Zazzau ƙarfe tsiro yake yi, ana ba shi ruwa safe da yamma. Da na tsagaita ya gaya mini bayan jiƙon ma ya naɗe ta da zaren auduga da ƙaro, ya kunna wuta, tururi ya cillo ta sai da ta bugi rufin ɗaki. Na sake kifewa.

Da na ɗago sai na ga shi ba dariyar yake ba. Ya ce mai gidan ya ji yadda Gwaggo ke fito, ya ga akwati ya ƙi tashi, ya aika a kira Baturen Ingila mai gyaran jiragen tururi. Ran Litinin zai zo. In ya ce injin ya gama yayi, za a sayar wa masu narka ƙarfe, a koma ɗaukar 'yan dako. Shi kuma Baba a tura shi gonar raken mai gidan, can ƙetaren ruwa, ya riƙa korar tsuntsaye.

“Ba aikin nake tsoro ba, ɗan maƙera,” in ji shi. “Can babu mai salla ko ɗaya, na tambaya. In na mutu wa zai yi mini wanka? Wa zai juya fuskata gabas?”

Mu Hausawan da muka rage a garin nan a lokacin ba mu da yawa, jiragen bayi sun daina zuwa, kullum sai raguwa muke. Kowannenmu ya san wanda yake so ya wanke shi, ko da bai faɗa ba. Dariyar ta tsaya mini a ciki, kunya ta kama ni. Na ce ya ba ni ƙusar ya tafi, ran Lahadi da gidan ajiya ke rufe ya bar mini ƙofar baya.

Ramin da haƙoransa suka cinye ba a mayar masa da su. Sai dai a faɗaɗa shi a yanka sababbi, sannan a ƙera ƙusa mai jiki biyu, ƙasanta mai kauri daidai sabon ramin, samanta siriri yadda murfi da tsohon noti za su zauna kamar ba a yi komai ba. Turawa suna da wani ƙarfe mai haƙora da suke murɗawa cikin rami ya yanka, a akwati suke ajiye shi kamar zinariya. Ni na taɓa ganinsa sau ɗaya a hannun wani, daga nesa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Na samo tsohon magagari mai kauri, na gasa shi na bar shi ya huce cikin toka har ya yi laushi, na dake shi ya zama sanda. Saura yadda zan shata layin haƙoran su tafi daidai. Nan zaren Baba ya yi rana. Na warware ragowar da ke jikin ƙusar, na tsoma a tawada, na naɗa shi a jikin sandar yana hawa a karkace, na zare, ya bar mini baƙin layi. Na bi layin da ƙaramin magagari mai baki uku, gugu ɗaya bayan ɗaya, tun daga azahar ɗin Juma'a har hantsin Asabar ban da barci da salla. Na fitar masa da kwari uku a tsaye don garin ƙarfe ya sami hanyar fita. Da na ɗaga shi a rana sai da na yi wa kaina kirari.

Sai ba shi tauri. Na gasa shi ya yi ja, na tsoma a ruwa yadda nake yi wa bakin gatari. Na ji ƙas. Ya tsage tun daga kai har gindi.

Abin da na faɗa a lokacin ba zai rubutu ba. Na sake ɗaukar wani magagarin na fara daga farko, yatsuna duk sun yi kanta sun fashe, amma da yake hannu ya saba, bai ci lokaci kamar na farko ba. Wannan karon na san ruwa ya yi masa kaifi, mai yake so. Man kifin da nake saya wajen masuntan ƙauyen Itapuã kuwa ya ƙare, ko ɗigo babu a tulun.

Matata Bayarabiya ce, Nago kamar yadda ake ce musu a nan, kuma ƙosai take soyawa a bakin maƙerata tana sayar wa 'yan dako. Da la'asar ta sauke kaskonta cike da man ja ta shiga gida ɗebo ƙullu. Na dubi kaskon, na dubi ƙarfena da ya yi ja a bakin awartaki. Shaiɗan bai sha wahala da ni ba.

Hayaƙin da ya tashi sai da ya rufe layin. Ta fito da gudu da ƙwarya a hannu, ta same ni tsugune ina juya ƙarfe a cikin man tuyarta. Ta fara da Yarabanci, ta koma Fotugis, da ta ga zagin bai isa inda take so ba sai ta juyo Hausa.

“Malam! Kanka ɗaya? Abincin mutane ne ka mayar wurin wankan ƙarfe?”

Na ce, “Yi haƙuri, na Baba ne. In bai yiwu ba ran Litinin za a kai shi gonar rake.”

Ta ajiye ƙwaryar. Kullum da safe ita ke ajiye masa ƙosai uku a ganye, wai na gefen kasko ne da ba sa sayuwa. Ta leƙa kaskon ta ce, “To ya yi, ko sai an ƙara mai?”

Ya yi, ko tsaga babu. Man kuwa ba ta zubar ba. Ta tace shi da tsumma ta ci gaba da tuya, ta riƙa raɗa wa 'yan dako cewa ƙosan yau da maganin ƙarfe a ciki, mijinta ne ya haɗa, wanda ya ci wuƙa ba ta kama shi. Kafin magariba ko ɓarɓashi bai rage ba. Har wata guda ana zuwa ana tambayarta irin na ran Asabar.

Ran Lahadi da sassafe na shiga ta ƙofar baya da kayana a buhu. Muka cire murfin. Na kafa mahuji a bakin ramin, Baba ya danna da ƙirjinsa ina juyawa, har ramin ya faɗaɗa. Daga nan na shafa wa mayankin nawa kitse na saka. Wannan aikin ba a yi masa gaggawa. Ka murɗa gaba kaɗan, ka dawo baya, ka hure gari, ka sake. In ya karye a cikin ramin, shi ke nan, an yi ba a yi ba, ko Baturen da ya ƙera injin ba zai fitar da shi ba.

Baba ya tsaya a kaina yana numfashi a wuyana.

“Ɗan maƙera, kamar ya karkace.”

“Bai karkace ba.”

“Kawo in ɗan taya ka murɗawa, hannuna ya san ta.”

“Baba, hannunka ne ya kawo mu nan. Don girman Allah koma can ka zauna ka ja carbi.”

Ya koma ya zauna a kan akwatin sukari yana ja, amma duk murɗawar da na yi sai na ga kafaɗarsa ta bi. Sau ɗaya mayankin ya cije ya yi wata ƙara, ni da shi muka ce innalillahi a tare. Na dawo da shi baya a hankali, na ga ƙurar ƙarfe ce ta toshe. Wajen azahar haƙora suka fito tsaf har ƙasan ramin. Na zauna na goge gindin sabuwar ƙusar da na ƙero ina gwadawa ina cirewa har ta shiga lumui ta tsaya daram. Muka mayar da murfi, na ɗaure notin takwas da hannuna, muka kunna wuta. Tururi ya taru, sanda ta motsa, Gwaggo ta yi tarinta na kullum, fito kuwa babu. Baba ya dafa jikin injin.

Ran Litinin ba wanda ya gayyace ni, amma na je. Na sa rigata mai kyau, na sa takalmina, wanda a garin nan shi ke raba ɗa da bawa. A raina na riga na shirya yadda zan ɗan sunkuyar da kai in an fara yabo.

Baturen ya zo, ja kamar gauta, yana share gumi. Mai gidan ya ce masa injin fa ya daina fito da kansa, amma tunda ya zo ya duba. Ya sa aka cire murfin. Idonsa ya sauka kan ƙusata, ya ga kaurin gindinta. Ya haɗa noti biyu ya kwance ta, ya juya ta a hannu, ya zura ɗan yatsa a ramin, ya yi fito da bakinsa. Cikin Fotugis ɗinsa mai kama da tauna tsakuwa ya ce wannan haƙoran da hannu aka yanka su, kuma ko a garinsu ba kowa zai iya ba. Injin da ke da mai irin wannan hannu a kusa da shi zai ƙara shekara goma. Wa ya yi?

Ƙirjina ya cika har rigar ta matse ni. Na buɗe baki ke nan sai mai gidan ya juyo ya gan ni.

“Kai ne maƙerin can ko? Kai ka yi?” Ya shafa gemunsa. “In kai ne ai shi ke nan. Kowane bawa zai iya hura wuta, in ta lalace in aika a kira ka. Tsohon nan ya tafi gona ya huta.”

Na dubi Baba. Kansa na ƙasa, yana kallon ƙafafunsa marasa takalmi.

Aikin da ya fi kowanne kyau a rayuwata ke nan, a gaban mutum ɗaya tak a duk Bahiya da ya san darajarsa. Wallahi na ji zafin abin har cikin haƙorana. Na ce, “Ni, ranka ya daɗe? Ni maratayin ƙofa nake yi. Zuwa na yi kallo.” Don in ƙara wa miyar gishiri na ɗauki sifanar Baturen ta wajen bakinta, na ƙwanƙwasa jikin injin da gindinta, na tambayi Baturen ko a nan ciki ake zuba sukarin. Ya fizge abinsa daga hannuna ya ce a fitar da wannan kafin ya ƙone kansa.

Ba a fitar da ni ba, na ja baya dai na tsaya. Baturen ya juya wajen Baba ya ce ya aka yi. Ashe duk zaman da tsohon ya yi a kan akwati ba carbi kaɗai yake ja ba, kuma abin da bai gani ba ya riga ya tatse ni a hira. Ya gyara tsayuwa ya kawo zare da tawada, ya kawo kwari uku, ya kawo man ja, har da yadda na farko ya tsage masa a ruwa. Baturen yana ta gyaɗa kai. Mai gidan kuwa sai washe baki yake, ya gano dukiyarsa ta fi yadda yake zato. Ya ce da tsohuwar zuma ake magani, ko abin da ya yi kama da haka a bakinsu. Maganar gona ba a sake tayar da ita ba.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na ɗauka a nan abin zai tsaya, ashe an fara ne. Kafin sati labari ya zagaye ƙasan gari ya hau saman gari. Da farko Baba yana cewa wani Bakano ya taya shi zuga. Bayan wata biyu Bakanon ya koma mai miƙo ruwan sha. Da shekara ta zagayo, a gabana, a bakin maƙerata, yana cin ƙosan matata, ya gaya wa 'yan dako cewa akwai wani Bakano da ya zo kallo har ya tambaya ko a cikin injin ake zuba sukari. Suka yi ta dariya, matata ta fi kowa. Ni kuwa na dage ina dukan ƙarfen da bai yi mini laifin komai ba.

Abu ɗaya na yi don kare aikina. Na zuba masa sifana ta dalma na ƙwace ta ƙarfen. Dalma laushi gare ta, in ya ja sai bakinta ya buɗe, noti bai motsa ba. Ya yi mita ya ce wannan ai gaisuwar munafukai ce, amma ya karɓa. Duk Juma'a sai ya kawo mini ita ta wage baki in matse masa. In zai tafi sai ya kama kafaɗata ya ɗan murɗa, ya ce, “Ina gajiya, ɗan maƙera?” Ban gane ba sai da aka daɗe, cewa ya saka ni cikin layin notinsa.

Damina shida ya ƙara yana hura wa Gwaggo wuta. Da ciwo ya kwantar da shi a ɗan ɗakinsa na bayan gidan ajiya, na je duba shi wata ranar da hantsi, na kai masa kunu. Ya rame har ya zama abin tausayi. Ya daɗe yana kallon hannuwana.

“Ɗan maƙera,” in ji shi, “hannun nan naka ba laifi.”

Na ce, “Ba laifi? Shekara shida, Baba, abin da zan samu ke nan?”

“Ga Bakano ai ya isa.” Ya yi tari, ya huta. “Wanda ya iya wancan aikin zai iya wanka. Kai nake so. Amma kada ka cika mini ruwa, ni ba ƙota ba ne.”

Na yi dariya hawaye na zuba a cikin kunun.

Bayan kwana uku ya cika. Mu huɗu muka taru, duk masu furfura, matata ta ɗinka likkafani. Ni na yi masa wanka, a hankali, dama kafin hagu, ban cika ruwa ba. Muka yi masa salla, na shiga ramin da kaina na karɓe shi, na juya fuskarsa gabas.